Satifiket ɗin da Ya Ƙare Bayan Yaya

Yayana ya rasu a farkon damina, lokacin da Mama ta gama shuka masara a gonarta ta Bomo. Sikila ce. Tun muna yara yake fama da ita, ta kwantar da shi ya tashi, ta sake kwantar da shi ya sake tashi, har muka saba, muka daina jin tsoron da ya kamata mu ji. A wannan karon bai tashi ba. Aka yi jana'iza, matan zumuntar coci suka yi waƙa, mutane suka cika tsakar gida suna yi mana sannu da haƙuri, ina amsawa. Abin da na fi tunawa a kwanakin nan shi ne wanke-wanke, don na wanke kwanuka da yawa. Ban yi kuka ba. Ba dannewa na yi ba, nema na yi ban samu ba.

Shi ya koya mini aikin haɗa manhajar waya. Ya riga ni gama karatun kwamfuta a jami'a, da na gama nawa ban samu aiki ba sai ya jawo ni cikin nasa. Ɗakina yana Samaru, a wani gidan haya da ɗalibai suka cika. Shi kuma yana zaune a Muchia da matarsa, malamar firamare, wadda nake kira Anti. Kusan kullum da safe yakan shigo keke mai ƙafa uku ya zo wurina, saboda layinmu ya fi nasu samun wuta, mu zauna a ƙasa kowa da laftof a cinya, bayanmu jingine da katifa.

Aikin da ke hannunmu sa'ad da ya rasu na wata mata ne mai ɗakin gwajin jini a Sabon Gari. Kowa Madam yake ce mata. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu ɗaliban da nake kwana gida ɗaya da su. Ta san Yaya tun yana ƙarami, don a wurinta Mama take kai shi a auna masa jini. Abin da take so bai da yawa: in sakamakon gwajin mutum ya fito, ya gani a wayarsa, ba sai ya sake tasowa daga Giwa ko Shika don karɓar takarda ɗaya ba. Muka raba aikin. Ni ke yin abin da mutum zai gani ya taɓa a waya, Yaya kuma yana kula da saba, wato kwamfutar da ke can nesa, wadda aka yi haya, inda ake ajiye sakamakon. Manhaja tana tambaya, saba yana amsawa. Ban taɓa shiga ɓangarensa ba, bai taɓa ce mini in shiga ba.

Masara ta kai ƙugu lokacin da Madam ta kira ni.

“'Yata, ya ƙarin haƙuri?” in ji ta.

Na ce da godiya.

“Ba matsa miki zan yi ba. In ba za ki iya ba yanzu, ki faɗa mini, ba komai.”

“Ya kusa ƙarewa, Madam,” na ce. “Fitar da shi kawai ya rage.”

Gaskiya na faɗa mata. Kafin Yaya ya kwanta mun gama kusan komai. Na buɗe laftof ɗin a ranar, na gyara wasu ƙananan abubuwa, rubutun da ya yi ƙanƙanta da maɓallin da ya karkace. Hannuna ya tuna aikin ba tare da na sa kaina ciki ba.

Daga aiki ɗaya, manhaja iri biyu ake fitarwa. Akwai ta gwaji, wadda muke kira dibog, ita mai haɗawa yake sawa a wayarsa yana dubawa. Akwai kuma rilis, ita ce ake matsewa a ƙulle a ba jama'a. Dibog ce a wayata tun farko, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. Na fitar da rilis, na sa ta a filashi, na shiga keke zuwa Sabon Gari. Ban gwada ta a gida ba, don ban ga dalili ba.

Ɗakin gwajin yana kan wani layi na masu sayar da kayan gyaran mota. Gabansa akwai kwata da aka rufe da katako, janareton maƙwabta yana ta ƙara. Madam ta rungume ni a bakin ƙofa, tana warin sifirit, na tsaya har ta sake ni. Ta kira ma'aikatanta mata biyu su zo su gani. Na sa manhajar a wayarta, ta shigar da lambar gwaji, ta danna. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, sannan rubutu ya fito: “Babu hanyar sadarwa. A sake gwadawa.” Ni na rubuta wannan jimla da hannuna watanni baya.

“Ko sabis ne?” in ji Madam. Ta canza zuwa ɗaya layin nata, ta sake dannawa. Haka dai. Muka fita bakin titi ta ɗaga wayar sama. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ta miƙo tata wayar, muka sa, ita ma haka. Na ciro wayata na buɗe dibog a tsaye a wurin, a kan layi iri ɗaya da na Madam, nan take sakamakon ya fito.

“To ga shi taki tana yi,” in ji ta.

“Tawa daban ce.”

“Ba abu ɗaya ba ne?”

“Abu ɗaya ne, amma daban ne.” Na ji yadda maganar ta fito, ban kuma yi ƙoƙarin gyara ta ba. Na ce su ba ni 'yan kwanaki. Ta ce in ɗauki duk lokacin da nake so, ta sa aka sayo mini lemo mai sanyi. Na riƙe shi har Samaru ban sha ba.

Kwanakin da suka biyo baya duk kamarsu ɗaya. In tashi, in yi wanka, in zauna a ƙasa in buɗe laftof. Na fara da abin da kowa yake fara dubawa: ko na manta ban nemi wa rilis izinin shiga intanet ba, don sau da yawa dibog tana da wannan izini, rilis ba ta da shi. Na duba, izinin yana nan. Na duba adireshin saba, ko na rilis ya bambanta da na dibog. Ɗaya ne, harafi da harafi. Sai na zargi abin da ke matse manhaja kafin a fitar da ita, don wani lokaci yakan yanke abin da ake buƙata yana zaton shara ne. Na kashe shi, na sake fitarwa. Kowace fitarwa tana ɗaukar lokaci, laftof ya yi zafi, fankarsa ta yi ta huci, ni kuma ina kallon bango. In ta gama in sa a waya, in danna, da'ira ta juya, jimlata ta fito.

Ɗaliban gidan suna jarrabawa a lokacin. Ina jinsu ta taga suna haddace abubuwa da Turanci suna zagin malaminsu da Hausa. Wata maƙwabciyata takan ƙwanƙwasa ta ajiye mini abinci a bakin ƙofa, in ci rabi. Ranar Lahadi na je coci na zauna a inda muka saba zama, aka tashi na tashi, aka zauna na zauna. Fasto ya ambaci iyalinmu a cikin addu'a, na ji sunan gidanmu kamar na wasu mutane.

Wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, ban taɓa juyawa in tambayi Yaya ba. Mutane sukan ce suna mantawa, su ɗauki waya za su kira mamaci. Ni ban manta ba ko sau ɗaya. Gefen katifar da yake jingina yana nan, na san ba kowa a wurin, na ci gaba da aikina.

Abin da ya ɓata mini lokaci shi ne rilis ba ta magana. Dibog tana faɗin duk abin da ya same ta, layi bayan layi. Rilis kuwa na rufe mata baki da kaina, na ce kowace irin matsala ta samu, wannan jimla ɗaya za ta nuna wa mutum. Da na gaji da lalube, sai na buɗe mata baki, na sa ta rubuto ainihin abin da ya faru a kan fuskar wayar. Ana ruwa a ranar, an ɗauke wuta, batirin laftof ya kusa ƙarewa. Na danna. A wannan karon dogon rubutu ne ya fito da Turanci, na karanta shi a hankali. Manhajar tana kai wa ga saba lafiya. Ita ce da kanta take ƙin yi masa magana, saboda satifiket ɗinsa ya ƙare.

Satifiket wata shaida ce da saba yake nuna wa waya don ta tabbata shi ne, ba wani ne ya tsaya a hanya yana sauraro ba. Yana da wa'adi, bayan 'yan watanni sai an sabunta shi. Na koma cikin aikin na bincika, na tarar da inda Yaya ya sa dibog ta riƙa karɓar kowane irin satifiket don kada ta dame mu lokacin gwaji. Shi ya sa tawa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Na duba ranar da wa'adin ya ƙare. Bayan jana'iza ne da kaɗan. Ashe shi yake sabuntawa da hannunsa duk lokacin da ya kusa, bai taɓa faɗa mini ba, ƙila don abin bai kai a faɗa ba.

Na zauna ina kallon kwanan watan har laftof ya mutu.

Da aka kawo wuta na gwada shiga asusun da ake kula da saba. Na san imel ɗin Yaya, kalmar sirrin ma na canka a karo na farko, don kalma ɗaya yake amfani da ita tun muna sakandare. Sai shafin ya ce ya aika da lambar tabbatarwa zuwa wayarsa, ya nuna mini ƙarshen lambar.

Akwai hanya mai sauƙi. Zan iya sa rilis ita ma ta daina duba satifiket, layi ɗaya ne, Madam ba za ta taɓa sani ba. Na yi tunanin haka kamar yadda mutum yake tunanin ko ya sayi burodi. Amma jinin mutane ne zai riƙa bi ta wannan hanya, wanda aka gano yana da ciwon hanta, wadda aka gano tana da ciki. Na bar layin yadda yake.

Na fara zuwa Bomo, da fatan wayar tana wurin Mama. Na same ta a bakin gona tana zuba taki, zani ɗaure a ƙugu.

“Wayarsa? Tana hannun matarsa mana,” in ji ta. “Me za ki yi da ita?”

“Aiki ne.”

Ta dube ni. “Kin je kin gan ta tun da aka watse?”

Na ce ban je ba tukuna. Ta shiga gida ta ƙullo kuka da daddawa a leda ta ba ni, ta ce in kai wa Anti.

Washegari da hantsi na tafi Muchia. Ranar Asabar ce, ba makaranta. Na tarar da Anti tana wanki a tsakar gida, ta rame, ta yanke gashinta. Ta ɗago kai ta gan ni, ta goge hannu a zani.

“Auta, ke ce? Shigo.”

Muka gaisa. Na ba ta saƙon Mama, ta buɗe ta sansana daddawar ta ce an gode. Falon yana nan yadda na san shi, sai dai an ɗauke takalmansa daga bayan ƙofa. Ta kawo ruwa. Muka yi maganar ruwan sama, da hanyar layinsu da ta lalace, da yaran ajinta. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Na yi ƙoƙarin bayyana satifiket, ta ɗaga hannu.

“Wayar kike so?”

“Saƙo ɗaya kawai zai shigo. Lamba ce. In na karanta shi ke nan.”

“Ban kunna ta ba tun a asibiti,” in ji ta. “Batirin ya mutu a jakata, na bar ta haka.”

Ta shiga ɗaki ta daɗe, sannan ta fito da ita a cikin safa, da caja a naɗe. Muka jona ta a bango kusa da talabijin muka zauna muna jira. Wayar da ta daɗe a kashe ba ta tashi da wuri. Anti ta koma ta shanya kayan da ta wanke, ta dawo. Na buɗe laftof na shirya shafin.

Da ta ɗauki caji Anti ta danna maɓallin da kanta. Fuskar ta yi haske, ta shigar da lambar buɗewa ba tare da ta tsaya tunani ba. Sai wayar ta fara rawa a kan tebur. Saƙonni ne suke shigowa, na makonni, ɗaya kan ɗaya, ba ta gama ƙarar wannan ba sai wani ya katse ta. Muna ganin kawunansu suna wucewa. Wani yana tambayar ko an gama masa aikinsa. Rukunin mawaƙan coci. Tallan kamfanin waya. Wani abokinsa na makaranta da ya rubuta, “Gaya mini ƙarya ne.” Akwai waɗanda suka aiko da ta'aziyya zuwa wayar tasa, ban san wa suke nufin ya karanta ba. A cikinsu na hango saƙonnin gargaɗi cewa satifiket ya kusa ƙarewa, sannan wanda ya ce ya ƙare.

Ba wadda ta taɓa wayar a cikinmu har ta yi shiru.

“Aiko da abin naki,” in ji Anti.

Na danna a laftof. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Anti ta ɗauka ta karanto mini lambobin da muryar da take kiran sunayen 'yan aji, ina shigarwa. Shafin ya buɗe. Sabunta satifiket ɗin bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Na sa shi kuma ya riƙa sabunta kansa nan gaba. Na ciro wayata, na buɗe rilis, na danna. Sakamakon gwajin ya fito.

“Ya yi?” in ji ta.

“Ya yi.”

Na nuna mata, ta duba don ta faranta mini, ta gyaɗa kai. Sauran abu ɗaya. Na ce mata zan canza lambar da ake aika wa saƙon, in sa tawa, don kada in riƙa dawowa ina sa ta kunna wayar. Ta ce in yi. Shafin ya sake aika da lamba zuwa wayarsa don ya tabbatar, ta sake karanto mini. Na goge tasa na rubuta tawa.

“Kin cire shi ke nan?” in ji ta.

“Lambar na cire.”

“To.”

Ta riƙe wayar a cinyarta. Na zaci za ta kashe, amma ba ta kashe ba. Ta ajiye ta a kan talabijin tana caji, ta ce ta ɗora shinkafa, ba zan tafi ban ci ba. Muka ci a kwano ɗaya. Ta tambaye ni ko ina barci, na ce ina yi. Na tambaye ta, ta ce wani lokaci. Ta ce mutane suna ta yaba mata ƙarfin hali, ita kuwa ba ta san abin da suke gani ba, tashi kawai take yi ta tafi makaranta ta dawo. Na ce ni ma haka. Wannan ce magana mafi tsawo da muka yi a kansa a ranar. Wayar ta sake yin ƙara muna cikin ci, ba wadda ta tashi.

Daga Muchia na wuce wurin Madam a ƙafa, don ba nisa. Ban ma sake sa mata komai ba, manhajar da ke wayarta tun ranar farko ita na ce ta buɗe. Ta danna, sakamako ya fito. Ta yi ihu ta kira ma'aikatanta, ta juya zuwa Turancin broka don murna, ta dawo Hausa.

“Me ya same ta? Me kika gyara?”

“Wani abu ne ya ƙare, na sabunta.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Wani dattijo yana zaune a benci da auduga a gwiwar hannunsa, an gama ɗibar jininsa. Madam ta karɓi wayarsa ta ce in sa masa, shi ne zai zama na farko. Ya ce shi bai iya karatun Turanci ba, ta ce 'yarsa za ta karanta masa. Na sa masa, na nuna masa inda zai danna. Ya tambaye ni ko ba sai ya dawo ba ke nan, na ce sai in likita ya ce ya dawo. Ya sa mini albarka ya tafi.

Madam ta rako ni bakin titi. Ta ce da Yaya yana nan da ya ji daɗi, na ce haka ne. Ta tare mini keke, na shiga baya tsakanin wata mata mai buhun barkono da wani ɗalibi. Muna hanya hadari ya haɗu, direban ya tsaya ya sauke ledar gefe. Barkonon ya sa duk muka yi ta atishawa har Samaru. Na sauka a bakin layinmu, na shiga ɗaki, na cire takalmi na kwanta da kayan jikina, rana ba ta ko faɗi ba.